KWAMFUTA TA ƘI TASHI: Yadda Ake Bin Sawun Cutar Injin Haɗin Hannu A Minna

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Kure ta birnin Minna ya san ba doya da hatsi da atamfa kaɗai ake ciniki a cikinta ba. Wannan kasuwa, wadda aka raɗa wa sunan marigayi Injiniya Abdulkadir Kure, Gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007, ita ce babbar kasuwar garin, kuma a cikinta da kewayenta akwai masu sayar da kayan lantarki iri iri. Cikin masu zuwa wurin irin waɗannan 'yan kasuwa akwai wani baƙo da ba ya ɓoyuwa. Za a gan shi rungume da akwatin kwamfuta kamar mai kai yaro asibiti, kuma ƙorafinsa ɗaya ne kullum: jiya lafiya lau take aiki, ya sauya mata abu guda domin ta ƙara sauri, yau kuwa ta ƙi tashi.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan a Minna. Garin yana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, mai mazauni a Bosso da Gidan Kwano. A nan ne kuma hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO take. Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, iyaye da yawa suka ga tilas 'ya'yansu su saba da wannan na'ura. Sabuwa kuwa tsada gare ta. Saboda haka sai matasa suka koma ga haɗin hannu, watau a sayi akwati a nan, a sayi allo a can, a nemo faifai a wani wuri, yawanci daga cikin kayan tokumbo da ke fitowa daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko, a zauna a harhaɗa.

Asalin wannan dama ya samo tushe ne tun watan Agusta na 1981, sa'ad da kamfanin IBM na Amurka ya fito da ƙaramar kwamfutarsa wadda ya haɗa da sassan da wasu kamfanoni suka ƙera. Wasu suka kwaikwaya, har aka wayi gari kowa na iya sayen sassa ya haɗa tasa. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, wanda ya daidaita girman allo da ramukan sukuru da bakin wayoyin wuta. To, daga nan ne mutane da yawa suka ɗauka cewa duk abin da ya shiga rami ya zauna daram, lalle zai yi aiki. Wannan zato shi ne uban yawancin asarar da ake tafkawa.

MISALIN MAI SHAGON BUGA TAKARDU

A ɗauka ga wani saurayi mai ɗan shagon buga takardu a wajejen Bosso. Kwamfutarsa guda ce, shi ya haɗa ta da hannunsa, kuma a cikin faifanta akwai kundayen kammala karatu na ɗalibai da dama waɗanda suka riga suka biya rabin kuɗin aiki. Ya ga tana nawa, sai ya shiga kasuwa ya ba da tsohuwar furosesarsa, watau ƙwaƙwalwar injin, ya cika kuɗi aka ba shi wadda ta fi ta ƙarfi. Ya ƙara da sandar ram guda, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita. Ya koma shago ya ɗaura, ya danna makunni. Fanka ta juya, fitila ta kama, amma allon kallo baƙi ƙirin. Ga ɗalibai suna jiran takardunsu da safe.

Abu na farko da irin wannan mutum ke bukatar ji shi ne, aikin ɗalibai yana nan bai tafi ko'ina ba. Rubutun yana cikin faifan ajiya ne, kuma ƙin tashin injin ba ya goge shi. Ƙwararren mai gyara, kafin ya taɓa kome, zai zare wannan faifai ya ajiye gefe, ko ya haɗa shi da wata kwamfuta mai lafiya ya kwashe muhimman takardu a filas. Da haka an raba matsala gida biyu, an sallami ɗalibai, saura injin. Mutane da yawa sun yi hasarar aikin shekara ne saboda gaggawar wani mai gyara da ya sake zuba Windows a kan faifan da ba shi da laifin kome. Wannan shi ne a je neman gira a rasa ido.

Sa'an nan sai tambaya. Kalmar "ta ƙi tashi" tana ɗauke da cututtuka uku dabam dabam, kuma mai gyara na gari ba ya ɗaukar sukudireba sai ya san wadda ke gabansa. Akwai injin da in an danna makunni shiru kake ji, babu fanka babu fitila. Akwai wanda fanka ke juyawa amma babu kome a allon kallo. Akwai kuma wanda ke nuna sunan kamfanin da ya ƙera allo, har da ɗan rubutu, amma ya kasa shiga Windows. Na farko maganar wuta ce. Na biyu sassa ne ba su jitu ba. Na uku kuwa injin lafiyarsa ƙalau, hanyar zuwa faifai ce ta ɓace masa.

MAGANAR WUTA

Jihar Neja ita ce mai madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru, har ana yi mata kirari da jihar lantarki, amma mazauna Minna, kamar sauran 'yan Nijeriya, sun san ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, sun kuma san wutar ƙaramin janareto mai hawa da sauka. Wanda ke fara shan wannan duka shi ne akwatin wuta na kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3.

A nan akwai wani tarko da ya cinye injuna da yawa. Tsofaffin akwatunan wuta suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda aka yi amfani da shi a Amurka yakan zo a kan 115, domin wutar gidajensu ba ta wuce bolt 120 ba. In aka jona shi a nan ba a mai da makunnin kan 230 ba, sai a ji ƙara da ƙauri, shi ke nan.

Masu gyara suna da hanyar gwada akwatin wuta shi kaɗai. Sukan zare babbar wayar nan mai baki 24 daga allo, su haɗa koren waya da baƙi da ɗan guntun ƙarfe, sa'an nan su ba shi wuta. In fankarsa ta juya, yana da rai. Amma rai dabam, lafiya dabam, domin haka sai a sa mita: waya mai ruwan ɗorawa ta ba da bolt 12, ja ya ba da 5, mai ruwan lemo ya ba da 3.3. Ƙa'ida ta yarda da bambancin kashi 5 cikin ɗari kurum, watau wayar 12 kada ta gaza 11.4, kada kuma ta haura 12.6. Buɗe cikin akwatin wutar kansa kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne, gama yana riƙe da wuta mai hatsari ko bayan an zare shi daga bango.

Sau da yawa ma laifin bai kai nan ba. Wanda ya sauya furosesa yakan zare ƙaramar wayar nan mai baki 4 ko 8 da ke ba ta wuta, domin hannunsa ya sami wurin shiga, ya kuma manta bai mayar ba. Haka nan siraran wayoyin makunni na gaban akwati sukan zame daga alluransu. Har wa yau, wasu injunan ofis na HP da Dell suna da nasu bakin waya na musamman wanda bai bi tsarin ATX ba, saboda haka allonsu ba ya karɓar akwatin wutar gama-gari. Wanda ya tilasta shi da ƙarfi ya sayi asara da kuɗinsa.

FANKA NA JUYAWA, ALLO BAƘI

Wannan ita ce cutar saurayin Bosso, kuma ita ce ta fi ba da wahala, domin injin ba ya faɗin abin da ke damunsa sai ga wanda ya iya sauraro. A kan babban allo, wanda masu sana'ar ke kira bod, akwai wata 'yar manhaja mai suna BIOS. Duk lokacin da aka kunna wuta, ita ce ke fara farkawa ta yi ƙidayar gida: ga furosesa, ga ram, ga sashen hoto. In ta iske kome daidai, a yawancin alluna sai ta yi ƙara guda gajera ta wuce. In wani abu ya ɓace sai ta tsaya cik, ta yi ta kuka da ƙararraki masu tsawo da gajeru, kuma kowane kamfani da fassarar nasa kukan a littafin allon. Abin takaici, akwatuna da yawa na zamani ba sa zuwa da 'yar lasifikar da ke fitar da wannan ƙara, alhali kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Mai gyara mai hankali ba ya rabuwa da ita a aljihu. Sababbin alluna kuma wasunsu suna da ƙananan fitilu huɗu masu nuna inda ƙidayar ta tsaya.

Kafin a zargi kowa, a duba wayar allon kallo. In an ɗaura katin hoto na dabam, tilas wayar ta koma bakin katin, ba bakin bod ba. Wannan ɗan kuskure ya sa mutane da yawa sun biya kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa a banza.

Daga nan sai ram, wadda ita ce ta fi kowa laifi a irin wannan shari'a. Tilas a danna ta har maƙallanta su rufe da kansu. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina, haƙoranta na ruwan zinariya sukan dushe, sai a goge su a hankali da robar goge fensir, a hure ramin. Hunturu yana da wata illa kuma: busasshiyar iska tana tara wa jikin mutum irin wutar nan da kan yi tartsatsi in an cire rigar sanyi da dare. Ɗan wannan tartsatsi ya isa ya kashe sashe mai tsada, don haka ake son mai aiki ya riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin ya ɗauki kowane abu, kuma ya riƙe shi ta gefe.

Amma akwai ram da ko an goge ta sau ɗari ba za ta yi ba. Nau'in DDR3 yana da haƙora 240, DDR4 kuwa 288, kuma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, saboda haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce ram ɗin manyan injunan kamfanoni, waɗanda ake kira saba. Ana samunta da araha cikin kayan tokumbo, tana kuma shiga ramin DDR3 daram, amma allon gida ba ya gane ta. Alamarta ita ce harafin R a bayan lambar da ke jikin takardarta. Haka kuma wasu tsofaffin alluna sukan karɓi sanda mai ƙwayoyi 16 a fuska biyu, su ƙi mai ƙwayoyi 8 a fuska ɗaya, ko da girmansu ɗaya ne. Araha dai ba ta ado.

In an gwada ram sanda ɗaya ɗaya, a rami ɗaya ɗaya, abin bai sauya ba, sai a fito da allon daga akwati baki ɗaya a shimfiɗa shi a kan kwali. A bar masa furosesa da fankarta da ram guda da akwatin wuta kurum. Hikimar wannan ita ce a rage masu laifi. Wani lokaci wani sukuru ne ya faɗa bayan allo yana haɗa wuta da ƙarfen akwati, kuma da an fito da shi sai injin ya tashi. In ya tashi, sai a riƙa mayar da sauran kaya ɗaya bayan ɗaya, ana kunnawa bayan kowane, har a kama ɓarawon. Aikin yana cin lokaci, shi ya sa masu gaggawa ba sa son sa, amma babu hanyar da ta fi shi tabbas.

Ana kuma cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3, a bar shi waje na 'yan mintoci bayan an zare wuta. Wannan yana sa allon ya manta da tsofaffin umarnin da aka ba shi saboda tsohuwar furosesa ko tsohuwar ram, ya fara sabon lissafi.

TA SHIGA, AMMA BA A SAN TA BA

To, a ce an yi duk wannan a injin saurayin nan, har yanzu allo baƙi. Sai a duba lambar bod da lambar furosesa. Allunan H61, waɗanda suka cika shagunan buga takardu a ƙasar nan, sun fito ne a 2011 tare da zuriya ta biyu ta furosesar Core ta Intel, masu mazauni LGA1155. A 2012 zuriya ta uku ta fito, kuma mazauninta ɗaya ne da na ta biyu. Tana shiga sarai, a rufe maƙalli, a shafa man sanyaya, a ɗaura fanka. Amma allon da aka ƙera kafin a haife ta bai san sunanta ba, don haka BIOS ɗinsa ba zai tashe ta ba sai an sabunta shi. Irin wannan ya sake faruwa ga masu allunan B450 na AMD lokacin da Ryzen 5000 ta fito a 2020. Mazaunin LGA1151 kuwa ya fi muni: zuriya ta shida da ta bakwai suna da nasu alluna, ta takwas da ta tara suna da nasu, rami iri ɗaya amma babu jituwa, kuma kamfani bai tanadi sabuntawar da za ta sasanta su ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba a iya sabunta BIOS na tsohon allo sai injin ya tashi, kuma ba zai tashi ba sai da tsohuwar furosesa, ita kuwa saurayin ya bar ta a kasuwa. Tilas ya koma wurin mai shago ya ce, "Maigida, a taimaka a ara mini tsohuwar na awa ɗaya," in Allah ya sa ba a riga an sayar ba. Saboda haka masu sana'ar ke cewa kada a rabu da tsohon kaya sai sabo ya kwana yana aiki.

Sabuntawar kanta ba ta wuce 'yan mintoci, amma su ne mintoci mafi hatsari a rayuwar allo. Ana ɗauko manhajar daga shafin kamfanin da ya ƙera allon, mai lamba daidai da tasa har da lambar bugu, a sa a filas. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, allon na iya zama gawa, sai dai a kai shi wurin mai na'urar rubuta ƙwayar BIOS kai tsaye. Don haka a gari kamar Minna babu mai hankalin da zai fara wannan aiki da wutar gari tsagwaronta ko da janareto mai tari. Sai an sami na'urar riƙe wuta mai batir, ko shagon da ke da sola.

Wani abin dubawa kafin a rufe zancen furosesa shi ne allurai. A allunan Intel, siraran allurai fiye da dubu suna cikin mazaunin ne, kuma ɗan kuskuren yatsa ya isa ya lanƙwasa biyu ko uku. Ana ganinsu in an haska fitilar waya ta gefe. Masu haƙuri sukan miƙe su da bakin allurar ɗinki, amma ba kowane hannu ke iyawa ba, kuma sau da yawa gyaran gangar Auzinawa ake yi.

Cuta ta uku, watau injin ya tashi amma ya ce bai ga faifai ba, ko ya nuna shuɗin allo ya sake farawa, takan biyo bayan cire batiri ko sauya bod. Dalili kuwa shi ne saitin ya koma na kamfani. Akwai tsohuwar hanyar tashi da sabuwa mai suna UEFI, kuma Windows da aka zuba ta hanya ɗaya ba ta tashi ta ɗayar. Haka ma saitin bakin faifai, tsakanin IDE da AHCI. A shiga BIOS a mai da su yadda suke a da, a sa faifan a gaban layi, a gyara kwanan wata, sai kome ya dawo. Mai dabara yakan ɗauki hoton waɗannan shafuka da wayarsa tun kafin ya kwance sukuru na farko. Wanda kuma faifansa ke kulle da BitLocker, ya tabbata yana da lambobin nan 48 na buɗewa a rubuce a takarda, domin sauya allo yakan sa a tambaye su, kuma in babu su babu mai gyaran da zai iya fito masa da aikinsa.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai irin wannan injin ya yi kafin ya zuba kuɗi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ta gama-gari tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta amince a hukumance da yawancin furosesar Intel da ta girmi zuriya ta takwas ba. Ke nan wanda ya tashi daga zuriya ta biyu zuwa ta uku ya ƙara ɗan sauri ne kawai, bai ƙara wa injin shekaru ba. Ga mai buga takardu, sauya tsohon faifai mai juyawa da sabon nan marar motsi da ake kira SSD ya fi nuna bambanci a aikin yau da kullum, ga shi kuma ba ya bukatar a taɓa furosesa ko a yi kasadar sabunta BIOS.

Game da ciniki kuwa, kayan tokumbo ba su da takardar lamuni ta kamfani, sai abin da mai saye da mai sayarwa suka shirya a tsakaninsu. Shi ya sa ya fi kyau mutum ya ɗauki akwatinsa ya tafi da shi kasuwa, a ɗaura kayan a gabansa, a kunna ya ga rubutu a allo, a kuma rubuta lambar kayan da yawan kwanakin gwaji a kan rasit. Saurayin Bosso, in ya sami aron tsohuwar furosesarsa da shago mai sola, aikin da ya rage masa bai fi na awa guda ba: ya ɗaura tsohuwa, ya sabunta BIOS, ya sauke ta, ya goge tsohon man sanyaya da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a kan sabuwar, ya ɗaure fanka, sa'an nan ya mai da faifan ɗalibai a ƙarshe bayan ya ji ƙarar nan guda gajera.